Takardar bisit ta ce lafiya, makanike ya ce ƙafar gaba ta mutu

Assalamu alaikum Baba. Ni malamin lakwal ne a nan Maraɗi, ina zaune unguwar Zariya. Shekara shida ina tara kuɗi, da adashe da ɗan abin da gona ta bayar, har Allah ya nufa watan jiya na sayi Toyota Corolla ƙirar 2006 a kan miliyan 2 da jaka 800. Wurin kawun matata na saya, ƙanen mahaifiyarta, wanda shi ya riƙe ta tun tana ƙarama kuma shi ya ba ni aurenta. Saye da sayar da motoci ne sana'arsa. Ya nuna mini takardar bisit, wato ta duba lafiyar mota, ta sati biyu kafin ciniki, ya ce ba a samu komai ba. Na ji kunyar in kawo makanike ya duba motar surukina, sai na biya. Bayan kwana goma sha biyu na fara jin ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da na karya kwana. Makanike ya ɗaga ta, ya ce kardan na hagu ya ci, suflensa ya yage, rotil ta ƙasa tana wasa, rulma na gaba kuma yana kuka. Gyara jaka 140. Abokaina wasu sun ce in kai ƙara kwamisariya, wasu sun ce in je wurin bisit in yi musu tas. Matata tun jiya kuka take. Ga shi Juma'a mai zuwa muna da biki a Damagaram, na riga na yi alkawarin kai iyali da motar. Baba, cuta ta aka yi? Me zan yi?

Mushe daga unguwar Zariya

Wa alaikumus salam, Mushe. Allah ya sa albarka a abin hawa, ya kiyaye ku.

Da maganar Juma'a zan fara, ko da yake kai a ƙarshe ka sa ta. Motar nan, yadda take a yau, ba za ta je Damagaram ba. Ko Tibiri ban yarda ta je da yara a ciki ba. Cikin abubuwa huɗu da makanikenka ya lissafa akwai guda wanda ke iya saki ba tare da sanarwa ba, shi ne rotil. Ita ce ɗan ƙarfen nan mai kai kamar ƙwallo da ke zaune cikin kwaminsa, tana haɗa ƙafar mota da hannun da ke riƙe da ita daga ƙasa. In ta yi wasa, ƙwallon ne ya cinye mazauninsa. In wasan ya yi yawa, rami guda ya isa ya fizge shi waje, daga nan kuma taya ba ta da mai riƙo daga ƙasa.

Na taɓa gani da idona. Shekarun baya ina cikin wata tsohuwar fijo ta haya tsakanin Gazawa da Tasawa. Allah ya taimake mu direba ya rage gudu saboda garken shanu da ke tsallakawa. Sai muka ji ƙum, motar ta durƙusa ta gaba kamar raƙumi, ta ja mu gefen hanya tana kartar kwalta. Da muka fito, tayar dama ta kwanta ta shige ƙarƙashi. Direba ya tsuguna ya zaro rotil ɗin: kanta ya yi santsi yana sheƙi kamar bayan cokali, ba ɗigon giris, sai jan gari na tsatsa, kuma an naɗe ta da tsinken robar tiyub an ƙulle. Ma'ana ya san da ita tun tuni, yana lallaɓawa. Wata tsohuwa da ke gaba ta daɗe zaune bakin hanya riƙe da carbi ba ta ce uffan ba. Da a ce shanun nan ba su tsallaka ba, da gudu ɗari abin zai same mu. Tsakanin Maraɗi da Damagaram kusan kilomita 240 ne, da manyan motoci, da ramu, da amalanke. Kar ka gwada.

Rulma, wato zoben ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, shi ne na biyu a haɗari. Yana fara da gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda sautinsa kan canza in ka ɗan karkata sitiyari. In aka ƙyale shi yakan ɗau zafi har tsakiyar ƙafa ta ƙi taɓuwa, a ƙarshe ya cije ko taya ta riƙa lilo. Tafiya mai nisa da kaya da zafin rana ita ce ta fi kashe shi. Kardan kuwa, wanda shi ya fi damun kunnenka, shi ne mai sauƙin cikinsu. Shi ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa taya, kuma ƙas-ƙas a kwana alamar gaɓarsa ta waje ce, wadda ke kusa da taya. Yakan yi makonni yana ƙara kafin ya saki, in ya saki kuma yawanci mota tsayawa take, inji na kuka ba ta tafiya. Abin kunya ne a tsakiyar kasuwa, a daji da dare da iyali kuma ya wuce kunya.

To, yanzu tambayarka: an cuce ka?

Ka fara cire takardar bisit daga matsayin da ka ɗora ta. Abin da take faɗa kaɗan ne: ranar da aka duba motar, mai dubawa bai ga abin da zai hana ta hawa titi ba. Ana duba birki, fitilu, taya, sitiyari, hayaƙi, a leƙa ƙarƙashi, amma ba wanda zai ɗauki sifana ya kwance wani abu ya ga cikinsa. Ko a Faransa, inda aka wajabta wannan duba tun 1992, kuma a 2018 aka kai wuraren da ake bi a jikin mota zuwa 133, ƙa'idar ita ce ba a kwance komai. A can dole ne mai sayar da motar da ta haura shekara 4 ya ba mai saye takardar da ba ta wuce wata 6 ba, duk da haka rigimar ɓoyayyen aibi ba ta ƙare a kotunansu ba. Kardan mai ƙara sai ana tafiya ana karya kwana yake magana, rulma sai an ɗau gudu. Motar da ke tsaye bisa rami za ta iya ɓoye su duka biyu.

Amma ba zan wanke takardar tas ba. Yagaggen sufle, wato robar da ke rufe gaɓar kardan, ido ke ganinsa, rotil mai wasa kuma girgiza taya kawai ke tona ta. In sun kai yadda makanikenka ya ce tun ranar bisit, ya kamata a gani. Ko dai a lokacin ba su kai haka ba, ko mai dubawa ya yi sakaci, ko kuma wani abu da ni da kai ba mu da shaida a kansa. Zuwa can ka ɗaga murya ba zai sayo maka rotil ba. Za su ce maka kusan wata guda ya wuce, motar ta bi hanyoyin da ba su sani ba, kuma a nan ba ka da amsa. Wannan shawarar abokai ka ajiye ta.

Shaidar da ke da amfani tana jikin ƙarfen, kuma ana iya karanta ta. Sufle robar nan ce mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke rufe gaɓar kardan, tana tsare giris a ciki, tana hana yashi shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da ta yage, giris ya fice, yashinmu ya shiga ya gauraya da sauran ya zama kamar garin wasa wuƙa. A yashin unguwanninmu gaɓa mai lafiya ba ta daɗewa bayan haka. Kuma kara ko ƙaya ko dutse na iya yaga sufle a rana guda, har a hannunka. Saboda haka ka koma gareji ka tsuguna da kanka, ka sa a haska maka fitilar waya. In yagar sabuwa ce, bakinta zai yi tsaf, za ka ga giris ɗanye ya fantsama a cikin ƙafa yana maiƙo. In tsohuwa ce, robar za ta yi faso kamar dugadugi a hunturu, giris ɗin ya bushe ya zama baƙin ɓawo haɗe da ƙasa, sai an kankare. Ka duba bakin tayar gaba ta ciki: in ya cinye ya bar na waje, wannan aikin watanni ne, kwana goma sha biyu ba sa yin sa. Sannan ka nemi alamar hannu. Waya ko roba da aka ɗaure sufle da ita, leda da aka naɗa, sabon giris da aka cusa cikin tsohuwar gaɓa don a kashe ƙara na ƴan kwanaki. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, wani ya sani. Ka sa makanike ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, sannan dama da hagu, kai kuma ka ɗauki bidiyo. Kar a kwance komai tukuna.

Sai dai ko ka ga alamar hannu, ba lalle hannun kawu ba ne. Irin waɗannan motoci sun bi hannu da yawa kafin su iso mu. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowa karɓa. Da yawa masu su sun rabu da su ne daidai lokacin da kuɗin gyara ya fi ƙarfin darajarsu a can. Daga nan sai tashar jirgin ruwa, sai Kwatano ko Lome, sai direban da ya koro ta sama da kilomita dubu, sai dillali, wataƙila ma wani ya hau ta shekara biyu a Yamai. Na san masu sayar da mota da yawa waɗanda za su faɗa maka farashin kowace ƙira da ka, amma ba su taɓa sunkuyawa ƙarƙashin ko guda ba saboda babbar riga. Motar da ta doshi shekara 20 kuma dole ƙafafunta su gaji. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kai ma kana da naka kaso, Mushe, kuma na san ka sani. Kunyar suruki ta hana ka biyan makanike ɗan abin shan ruwa ya bi ka, ga shi yanzu kunyar ta dawo da lissafin jaka 140. Ba zagi nake ba, yawancinmu haka za mu yi a gaban wanda ya ba mu aure. Amma da ka ce, “Kawu, ga yarona zai ɗan saurari inji don in san abin da zan tanada,” ba mai sayar da mota na kirki da zai ji haushi.

Ta fuskar addini maganar a fili take. Duk wanda ya zauna karatun Risala a zaure ya wuce ta babin ciniki inda aka hana algus da ɓoye aibi, har da yin shiru a kan abin da in an faɗa mai saye zai ƙi kayan ko ya rage kuɗi. Wanda ya san aibi ya ɓoye, cewa “yadda ka gan ta” ba ta wanke shi. Mai saye da ya tarar da tsohon aibi wanda bai bayyana ba lokacin ciniki yana da zaɓi, ya mayar ya karɓi kuɗinsa ko ya riƙe, kuma sulhu a kan ragi halal ne in sun yarda. Amma akwai wani wuri da ya shafe ka kai tsaye: malamanmu na Malikiyya suna ɗaukar ci gaba da hawan dabba a gari bayan an ga aibinta a matsayin yarda da shi. Ka ga ke nan in ka ɗauki motar nan ka je biki ka dawo, bayan makanike ya gaya maka, ka raunana bakinka da kanka, ban da kasadar rai. Dokar ƙasa da muka gada daga Faransa ita ma tana da babin ɓoyayyen aibi, ita ma tana son a yi magana da wuri, kuma ba kasafai ake lissafa tsufan da ya dace da shekarun mota a matsayin aibi ba. Ka tuntuɓi malamin unguwarku a kan tafsilin, amma jinkiri dai ba naka ba ne.

Kwamisariya kuwa, a'a. Ranar da sammaci ya shiga gidan mutumin da ya goyi matarka, ranar ka sayi rigimar da ƴaƴanka za su gada, a kan kuɗin da bai wuce ɗaya cikin ashirin na farashin motar ba. Ka lissafa: 140 cikin 2,800. Abokan da ke zuga ka ba za su zauna da kai a gidan suna da gidan gaisuwa inda za ku riƙa haɗuwa da shi har ƙarshen rayuwa ba.

Ka je gobe da kanka, bayan la'asar, gida ba wurin sana'arsa ba, don kar ya ji an tsinka shi gaban yaransa da masu saye. Kar ka aiki matarka, kar ka tura saƙon murya ta WhatsApp. In akwai dattijon da ya halarci cinikin, ku je tare. Bayan gaisuwa ta natsu, ka ce wani abu kamar haka: “Kawu, motar nan da ka taimaka mini da ita, makanike ya samu matsala a ƙafar gaba. Na ce ba zan sa a taɓa ba sai ka gani, don na san da ka san da ita ba za ka bar ƴarka ta shiga ba. Tana gareji, ko za ka turo makanikenka ya duba?” Sai ka nuna masa bidiyon ka yi shiru. Ka bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa. In bai sani ba, gaskiya ka faɗa. In ya sani, ya ji saƙon sarai, kuma ka sauƙaƙe masa gyara abin ba tare da ya amsa laifi ba. Dattijo mai sana'a ya san darajar sunansa a garin nan ta fi jaka 140, kuma shi ma yana da wanda zai koma wa, wato wanda ya sayar masa.

Abin da nake gani adalci: in ƙarfen ya nuna tsohuwar ɓarna da alamar an rufe ta, ya ɗauki kuɗin kaya kai ka biya aiki. In tsufa ne kawai, ku raba, ko ka karɓi abin da ya bayar ka yi godiya. In ya ce ba ruwansa, ka ce Allah ya huci zuciyarsa, ka tashi ka gyara motarka, ka kuma san inda ba za ka ƙara ciniki ba.

Mayar da motar gaba ɗaya ban ba ka shawara ba, sai da dalili mafi girma. Kafin ka je wurinsa, ka kai makanike na biyu, wanda bai san na farko ba, ya duba ta a inda take, kar ka gaya masa abin da aka ce. Ya duba inji, ya duba giya, ya duba ƙashin motar daga ƙasa. Motocin da suka zauna ƙasashen sanyi gishirin da ake zubawa a titi saboda ƙanƙara yakan ci ƙarƙashinsu. In ya ga tsatsa ta huda inda ƙafa ke kamawa, ko walda da lanƙwasa irin na babban hatsari, to magana ta canza, nan ne za ka ce a warware ciniki, kuma ka faɗa da ladabi ba tare da ja da baya ba. In waɗannan lafiya suke, ka yi dace. Corolla ta wannan ƙira ba ta wahalar kaya, ƙafar gaba kuma aikin yini guda ne.

Wajen gyara, rotil sabuwa za ka saya, mai kyau, ba ta tsohuwar mota ba, kuma ka canza dama da hagu tare tunda tare suka tsufa. Nan ba wurin neman araha ba ne. Kardan kuma sau da yawa na asali da aka ciro daga wata mota, in gaɓarsa ba ta wasa, ya fi sabo mai arha ƙarko, sai a sa masa sabon sufle da giris irin nasa. A tafi da tsohon a gwada tsawo, a ƙirga haƙoran bakinsa, don ƙira guda kan zo da iri-iri. Rulma na gaba da injin matsa ake shigar da shi. In ka ga yaro ya ɗauko guduma, tsayar da shi, don rulman da aka doka da guduma tun ranar ya fara mutuwa. Babban noti na tsakiyar ƙafa a ɗaure shi yadda ya kamata a kulle bakinsa. A duba man giya bayan an zare kardan, yakan zuba. A ƙarshe a kai ta saitin ƙafa, in ba haka ba sababbin taya ma wata nawa ne sun cinye. In ta kama a aika Katsina ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ka tuna can ba su san kardan da rotil da rulma ba: shaf, da bol-joyin, da boris za ka ce. Tsofaffin kayan kuma a zuba maka a leda ka tafi da su gida, kar ka bar su a gareji.

Saura uwargida. Kukanta ba na mota ba ne, tsoro take kar a sa ta zaɓa tsakanin mijinta da wanda ya riƙe ta. Yau da dare ka gaya mata a fili cewa ba ƙara, ba sammaci, kai da kawu za ku zauna ku gama, ita ba ruwanta, kuma kar ta kai maganar wurin mahaifiyarta kafin ka gan shi. Ranar Juma'a ku hau bas. Duk wanda ya tambaya ina sabuwar mota, ka ce tana wurin saiti. Kuɗin tikiti ka cire daga na man da da za ka zuba, in ya yi saura ka ƙara a na rotil.